Injin Zuƙe Ƙwari: Mu Saya Ko Mu Bari?

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya na watan jiya an kawo mana maganar da ba mu shirya mata ba. Wani dattijo ya fito da ɗan inji daga jakarsa, ɗansa ne ya aiko masa daga birni. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, batir ne a cikinsa, ana yi masa caji kamar wayar hannu. In an danna shi sai ya yi ƙara ya zuƙi iska, duk abin da ke bakinsa ya faɗa cikin 'yar robar da ke jikinsa. Dattijon ya zuƙe kyankyaso ɗaya a gabanmu, jama'a suka yi ta tafi. Kafin a tashi, mata uku sun tambaya ko ƙungiya za ta ba da rance a saya wa kowane gida. Muka roƙi aronsa na mako biyu tukuna. Ga abin da muka gani, ga kuma ra'ayinmu.

Injin ba sabo ba ne a duniya. Kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da irinsa a 1979, da suna Dustbuster, domin kwashe ɓarɓashin abinci da ƙura a gida mai wutar lantarki da darduma. Ba domin ɗakin jinka mai daɓen ƙasa aka yi shi ba. Wannan kaɗai bai isa mu ƙi shi ba, gama keke ma ba a nan aka ƙera shi ba, ga shi kuwa ya zama jakinmu. Amma ya isa mu tsaya mu duba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bari mu fara da alherinsa, gama yana da shi. Ba ya zuba guba. Wanda bai shiga ɗakunan mutanenmu ba zai ga wannan ƙaramar magana ce. Mu kuwa da ke yawo gida gida mun san abin da ake yi. Maganin da aka saya domin gona, ragowarsa ɗakin kwana yake ƙarewa. Ana yayyafa fiya-fiya a ƙarƙashin gado da maraice, a rufe ƙofa, bayan ɗan lokaci a shimfiɗa wa yara tabarma a wurin. Mun taɓa tarar da shi a cikin kwalbar lemo a kan taga, inda hannun ɗan shekara uku zai kai. Mun taɓa ganin buhun da aka sa wa ƙwayar hayaƙin nan ta hatsi an jingine shi a ɗakin da mutane ke kwana, alhali hayaƙinta yana kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro. Ba a banza ba hukumar NAFDAC a 2019 ta hana sayar da irin maganin nan a kasuwanni da kantuna barkatai. Gubar da ke cikinsa, watau dichlorvos, ita ce kuma ta sa Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Nijeriya ƙofa a 2015. Saboda haka in mace ta ga kyankyaso ta ɗauki inji maimakon kwalbar guba, mu dai ba za mu ce ta yi wauta ba.

Akwai kuma ƙwarin da bai kamata a murje su ba. Hangara in ta zo wurin fitila da dare, aka mare ta a wuya, gobe fata ta yi bororo. A nan injin ya yi mana daidai, ya ɗauke ta ba tare da hannu ya taɓa ta ba. Amma kada kowa ya gwada shi a kan kunama ko gidan rina.

To, sai wahalarsa. A ɗaki mai daɓen ƙasa, kafin a zuƙi ƙwaro ɗaya an zuƙi rairayi cike da hannu. Matatar da ke cikinsa ta toshe, ƙarfinsa ya ragu, sai an buɗe an kakkaɓe. Da hunturu abin ya fi muni. Batirin wanda muka ara bai kai mu ƙarshen ɗaki na biyu ba, muka koma neman mai sola. In batirin ya mutu gaba ɗaya, wa zai canja shi a ƙauye? Ga kuma abin da mai sayarwa ba zai faɗa muku ba: injin ba ya kashewa. Mun ajiye shi da dare da kyankyasai a ciki, da safe muka tarar biyu sun fito ta bakinsa suna yawo. Dole ne a juye robar nan take cikin ruwan zafi mai sabulu, a waje.

Babban abin da ya hana mu goyon bayan rancen shi ne wannan: injin yana kama abin da ido ya gani ne kawai, maƙiyanmu na gaske kuwa ɓoye suke. Kuɗin cizo yana kwana a cikin tsagar gado da ɗinkin katifa da gaɓar benci. Ƙwansa manne yake kamar an sa masa ƙaro, iska ba ta cire shi da sauƙi, bayan kwana 7 zuwa 10 kuma ya ƙyanƙyashe. Shi kansa yakan yi watanni bai sha jini ba yana nan da rai. Zafi ne maganinsa. Tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, wanke zannuwa da ruwan zafi, shanya tabarma da katifa a rana mai ƙuna, sa'an nan a sāke bayan mako guda domin 'ya'yan da suka fito. Kakanninmu sun san wannan. Kyankyaso kuma, ɗaya da aka gani a bango yana da dangi a salga da bayan randa. In ba a rufe bakin salga ba, ba a daina barin kwanukan tuwo su kwana ba wanki ba, to, aikin banza ake yi. Gara tana cikin ƙasa. Ƙwaron wake yana cikin ƙwayar waken kanta, tun daga gona ya shiga, ba injin da zai zuƙo shi. Sauro kuwa, masu bincike suna da nasu injin zuƙa, amma domin su kama su ƙirga, su san irin da ke cikin gari. Ba su taɓa cewa ya maye gurbin gidan sauro ba.

Abin da ya fi sauƙin kamawa da injin nan, abin tausayi, shi ne gizo-gizo, domin yana zaune wuri ɗaya a kusurwa ba ya gudu. Yaran da muka ba su riƙo, can suka fara. Mun hana su. Ku ɗaga fitila ku duba yanar da ke saman ɗakinku, za ku ga gawar ƙuda da sauro rataye. Ma'aikaci ne wanda ba ya karɓar lada, ba ya neman caji. A bakin tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, masana sun sami wani ɗan gizo-gizo mai tsalle wanda abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta sha jini. Mun sani in yaro ya tashi da ƙuraje a wuya akan ce tautau ne, amma sau da yawa ƙwaro ne irin hangara aka murje cikin barci. Gizo na tatsuniya mayaudari ne, har Ƙoƙi ba ta tsira daga hannunsa ba, amma na kusurwar ɗaki bai ci bashin kowa ba. Ba mu ce a bar ɗaki ya zama kango ba. Tsohuwar yana mai baƙin hayaƙi, musamman a madafa kusa da wuta, a share ta da tsintsiya. Shi kuwa a bar shi ya sāke saƙa.

Ga shawararmu. Kada a ba da rance domin sayen injin nan gida gida. Kuɗin ya fi amfani a kan gidan sauro mai magani, da buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007, masu kashe ƙwaron wake ta hana shi iska ba tare da ɗigon guba ba. Amma in ƙungiya tana da sito mai daɓen siminti, tana kuma da inda za ta yi caji, ta sayi guda ɗaya mai ƙarfi, ya zama kayan ƙungiya a hannun ma'aji. Aikinsa shi ne zuƙe tsohon hatsi da ƙura da ƙwari daga tsagogi da kusurwoyin da tsintsiya ba ta kaiwa, kafin a shigo da sabon amfani, gama daga ragowar bara ne ƙwaro ke hawa na bana. A yi wannan tun damina ba ta ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da mai ciwon asma ko jariri, inda feshi bai dace ba sam, a ba su aro.

Mun mayar wa dattijon da injinsa, mun kuma gode. Ya ce mu faɗa wa matan nan uku da bakinmu, shi ba zai iya ba. Za mu faɗa musu a taro mai zuwa. Muna roƙon kowane gida ya zo da kwalaben maganin gona da ke ɗakin kwanansa, cike ko fanko, mu kulle su a sito.