Sunan Wa Ya Kamata a Rubuta a Gindin Bishiyar?

 Yau Japan zan kai ku, kuma da ƙorafi na zo.

Bonsai bishiya ce ta gaske da ake raino a ƙaramin kasko, ana datse mata rassa da saiwoyi, ana tanƙwara ta da waya, har ta tsufa ba ta kai tsayin mutum ba. Baje kolinta mafi daraja shi ne Kokufu-ten, wanda aka fara a 1934, ake kuma yin sa duk watan Fabrairu a unguwar Ueno ta birnin Tokyo.

Alƙalan ba sa wasa. Suna duba yadda saiwoyi suka riƙe ƙasa, da yadda kaurin gindi ke raguwa zuwa sama, da tsarin rassa. Dole kasko ya dace da bishiyar, haka ɗan teburin da aka ɗora ta a kai. Lokacin sanyi ne, wasu bishiyoyin sun zubar da ganye, babu inda kuskure zai ɓuya.

To ga inda gizo ke saƙar. A wannan baje koli, da sunan mai bishiyar ake nuna ta, ko da kuwa saye ya yi. Gwanin da ya shekara yana ban ruwa, yana datsa, yana shirya ta don ranar, shi ko oho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Za a ce ai ƙwararrun suna da nasu baje kolin, Sakufu-ten, inda ake nuna aiki da sunansu. Gaskiya ne, amma me ya hana a ambace su a babban dandalin? Za a kuma ce bishiyar da ta haura shekara ɗari ta bi ta hannaye da yawa. Wannan hujja ce ta a jero sunayen da aka sani, ba ta a share su ba. Abin da alƙali ke yabawa aikin hannu ne, kuɗi bai taɓa tanƙwara reshe ba.

Kafin mu zargi Japanawa, mu dubi gida. Mu nawa ne muka sayar da labari, ya fito da sunan wani, muka yi gum saboda 'yan kuɗin da aka miƙo? Ranar da za ka miƙa rubutunka, ka fara daidaita maganar suna kafin ta farashi.

Wanda bai yarda ba, ina jiran hujjarsa.