Su Wane Ne a Hoton Nan?

Watan jiya muna kwashe kayan marigayiya kakata a Zangon Kumasi, sai na ci karo da wani tsohon hoto a ƙasan adaka, naɗe cikin kallabi. Baƙi da fari ne, gara ta fara cin gefensa. Yara uku ne a tsaye ranar Sallah. Na tsakiya ya sha babbar riga da ta fi ƙarfinsa, hula ta sauko har gira. Yarinyar da ke dama ta ɗaura zanen saƙi, ga kwalli, ga murjani a wuya. Na tsakiyan dai babana ne. Sauran biyun fa? Na juya bayan hoton, ko harafi ɗaya babu.

Abin ya tuna mini da Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948. A 1991 an baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi da ransa. Shi sunansa ya dawo, amma yawancin waɗanda ya ɗauka, manya da yara, har yau ana kallon adonsu ba a san ko su wane ne ba.

Na tura wa Gwaggo hoton ta WhatsApp can Kano. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan ai yayata ce, ƙyanda ta ɗauke ta kafin a haife ni." Yaron hagu kuwa ta rasa shi, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Jama'a, mu 'yan fatauci yau muna nan, gobe muna can, 'ya'yanmu ma wasu Hausar da ƙyar. Ku buɗe adakar nan tun tsofaffi na da rai. Ku rubuta suna, gari da shekara a bayan hoto da fensir, don tawadar biro tana huda takarda. Ku raba shi da laima da hasken rana, ku ɗauke shi da waya ku rarraba wa dangi.

Namu yanzu sunaye biyu ne a bayansa. Na bar wa na ukun wuri, ko Allah zai sa wani ya gane shi.