Ku Daina Kashe Mana Jarumai da Jirgin da Ba Ku San Tsayinsa Ba

Wannan makon ba lallashi muka zo yi ba.

Akwai wata fitowa da ta zame wa sababbin marubuta jiki. Labari ya cakuɗe, an rasa yadda za a yi da Alhaji, sai kawai a yankar masa tikitin Dubai. Shafi biyu a gaba inji ya kama da wuta, matuƙi ya ɗauki lasifika yana kuka yana cewa kowa ya yi kalmar shahada, jirgi ya rikito, a wuce rabon gado. Wannan lalaci ne. Abin takaicin kuma, labarin gaskiya ya fi wanda kuke ƙagawa tayar da tsigar jiki, domin sau da yawa jirgin lafiyarsa ƙalau, injinansa na aiki, matuƙan ƙwararru ne, amma su kai shi ƙasa da hannunsu saboda sun ɗauka suna sama da inda suke.

Ranar 20 ga Nuwamba 1969, jirgin Nigeria Airways samfurin VC10 ya taso daga Landan, ya yada zango a Rum, ya sake yadawa a Kano, ya nufi Legas. Saura kimanin kilomita 13 ya isa titin sauka ya daki bishiyoyi. Mutum 87 ne a ciki, babu wanda ya fita. Abin da masu bincike suka fi rinjayarwa shi ne matuƙan ba su ankara da ainihin tsayinsu ba, suka sauko ƙasa da ƙima alhali ba su ganin ƙasa. A 1983 wani jirgin kamfanin ya sauko ƙasa da iyakar da aka yanka masa cikin hazo kusa da Inugu, mutum 53 suka rasu.

Ta yaya mai idanu biyu zai rasa sanin tsayinsa? Nan ne ya kamata marubuci ya gyara zama. Na'urar da ke nuna tsayin jirgi ba igiya take zurawa ƙasa ba, nauyin iska take aunawa, kuma nauyin iska yana canzawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma. A can sama kowane jirgi yana saita ta a kan lamba ɗaya, 1013. Idan ya fara saukowa sai jami'in hasumiya ya karanto masa lambar garin, shi kuma ya murɗa ya saita. Kuskuren lamba ɗaya kusan ƙafa 30 ne, na goma kusan ƙafa 300. Sannan daga doron teku take ƙirgawa. Filin jirgin Malam Aminu Kano ya haura ƙafa 1,500 bisa teku, don haka wanda na'urarsa ke nuna 2,000 a kan Kano, abin da ke tsakaninsa da ƙasa bai cika ƙafa 500 ba. Ku ƙara masa hazon hunturu, irin wanda ke hana ka hango ƙarshen gonarka a Sabuwa.

Duk wannan kuma a lokacin da aiki ya fi yawa yake faruwa: rediyo na ta magana, jirage da dama na jiran layi, ana rage gudu, ana sauke tayoyi, ana karanta jerin abubuwan dubawa, ga gajiyar dare. Jami'i ya faɗi lamba, matuƙi ya maimaita, idan ya maimaita ba daidai ba kuma jami'in bai kama ba, shi ke nan kuskure ya samu shaidu biyu.

Ga wanda ya fi shafar masu sana'ar kalma. Ranar 19 ga Fabrairu 1989 jirgin dakon kaya na Flying Tiger, Boeing 747, yana tunkarar Kuala Lumpur ta Malesiya. Jami'i ya ce ya sauko, ya karanto biyu, huɗu, sifili, sifili, wato ƙafa 2,400. A Turanci kalmar "biyu" da kalmar "zuwa" sautinsu ɗaya ne, sai matuƙan suka ji "zuwa huɗu, sifili, sifili". Suka sauko ƙafa 400, suka daki tudu, duk su huɗun suka mutu. Kalma ɗaya ta cinye ƙafa 2,000. A nan muke waiwayar masu ce mana ƙugiya ba komai ba ce, masu rubuta kafa a wurin ƙafa, baki a wurin baƙi, su ce ai mai karatu zai gane. Su ma matuƙan nan sun tabbata sun gane.

Mun san amsar da za ta biyo baya. Wani zai ce ajali ne. Babu mai musun ajali, amma ajali da sanadinsa yake zuwa, kuma sanadin nan shi ne gonar marubuci. In ka tsallake shi, me ka rubuta? Sanarwar rasuwa.

Wata kuma za ta ce ita 'yar Faskari ce, jirgi sai dai ta hango shi yana ja wa sama farin layi. Wannan uzurin ne ya fi ba mu haushi, domin babu wanda ya kai mutanen yankinmu sanin abin da ake magana a kai. Duk wanda ya bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara a shekarun nan ya san wurin da hira ke mutuwa a mota. Direba ya rage rediyo, mai cin gyaɗa ya dakata, idon kowa na bakin daji. Babu wanda ya kafa wannan doka, tsoro ne ya koyar. To a jirgi rubutacciyar doka ce. A Satumba 1974 jirgin Eastern ya faɗi cikin hazo kafin ya isa titin sauka a Charlotte ta Amurka, mutum 72 suka mutu, kuma na'urar naɗar murya ta nuna matuƙan suna hirar siyasa da tsofaffin motoci suna saukowa. A 1981 Amurka ta haramta wa matuƙa duk hirar da ba ta aiki ba muddin jirgi na ƙasa da ƙafa 10,000. Wanda ya san shirun motar Sheme zai iya rubuta shirun ɗakin matuƙa fiye da ɗan birnin da ke hawa jirgi kowane mako yana barci.

Sauran kuwa karatu ne. Yanzu ba 2021 ba ce da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, tana ɗora rahotanninta a intanet kyauta. Kuɗin datar da ke tafiya a TikTok dare ɗaya ya isa.

Kuma ku tuna su wa ke karanta ku. Akwai yarinyar da za ta karanta wa kakarta babin nan naku, kakar da ta sayar da masarar shekaru ta biya kujerar Makka, za ta hau jirgi karon farko daga Katsina. Abin da kuka rubuta shi ne duk abin da ta sani game da jirgi, kun kuwa nuna mata akwati ne da ke kamawa da wuta haka kawai.

Duk mai haɗarin jirgi a labarinsa ya liƙo mana fitowar a ƙasa kafin Juma'a. Tambayar da za mu fara yi masa: jirgin yana ƙafa nawa, kuma wa ya ba shi lambar?