Masu lesin, ku nuna mana waɗanda suka faɗi

Jama'a, duk lungun da ka shiga a Kano yanzu sai ka ga fosta: hoton yaro, a ƙasa an rubuta 310, wai ɗalibinmu ne a JAMB. Madalla. To ina sauran yaran da suka zauna benci ɗaya da shi?

A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Da yawansu sun biya kuɗin lesin, amma ba mai buga hotonsu.

Ni wurin da na yarda da shi a unguwarmu ko fosta ba shi da ita. Da na kai ƙanwata, malamin sai da ya gwada ta tukuna, ya ce lissafinta da sauran aiki, kada mu sa rai da karatun likita bana. Wallahi raina ya ɓaci, amma na biya. Duk Asabar yana ɗora su a kan kwamfuta, tunda JAMB ta daina takarda tun 2015, ya turo wa iyaye makin kowa, mai daɗi da mara daɗi. Wani uba ya tambaye shi ko akwai "taimako" ranar WAEC, sai ya mayar masa da kuɗinsa.

Masu alƙawarin kiredit tara kuwa, mun san hajarsu. In aka riƙe sakamakon yaro saboda satar amsa, uban ne zai yi ta zarya, mai wurin ya sake fenti ya canza suna.

Kafin ka biya, ka ce a nuna maka sakamakon ajin bara gaba ɗayansa.