Gidan Marayu: Gini ko Uwa?

Duk sa'ad da wani gwamna ko attajiri ya buɗe gidan marayu, abin da akan nuna wa jama'a bai wuce gini mai sabon fenti da jerin gadaje da buhunan shinkafa ba. Mu ba mu raina wannan, gama mai yunwa ba ya jin lallashi. Amma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, gwamnatin Borno ita kanta ta taɓa bayyana cewa marayun jihar sun haura dubu 50, ban da na Zamfara da Katsina da sauran wuraren da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita. Da yawansu a kan idonsu aka kashe iyayensu. Irin wannan yaro, ko an cika masa ciki, da sauran magana.

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. A watan Agusta na 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai waɗansu yara kamar 300 Ingila, waɗanda aka tsamo daga sansanonin da Hitila ya tsare Yahudawa. Cikinsu akwai shida daga sansanin Tarezin, maza uku mata uku, ba wanda ya cika shekara huɗu, dukansu kuwa sun rasa iyaye tun ba su san kansu ba. Anna Freud, masaniyar halayyar yara, ta sa aka ajiye su a wani gida da ake kira Bulldogs Bank, a hannun waɗansu mata biyu 'yan'uwan juna, Sophie da Gertrud Dann. Da farko yaran nan sun zame wa masu renonsu alaƙaƙai: cizo, tofin yawu, zagi, ga farfasa kayan wasa. Da a wajenmu ne, da tuni an ce 'ya'yan nan ba su da tarbiyya, an ɗauko bulala. Amma masu renon suka lura da wani abu. Yaran da ba su ga babba da gashi ba, a tsakaninsu ba ƙyashi ba kishi. Wanda aka ba abinci yakan tabbatar ɗan'uwansa ya samu, in kuwa aka ware ɗaya ko na ɗan lokaci, sai hankalin sauran ya tashi. Watau ba ƙauna suka rasa ba, amana da manya ce ta karye, domin kowane babba da suka taɓa sani ya ɓace. Saboda haka ba a raba su ba, aka yi ta haƙuri da su wata da watanni har suka fara sakin jiki. A 1951 Anna Freud da Sophie Dann suka buga bayanin abin da suka gani, a shekarar da John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahotonsa a kan illar raba ƙaramin yaro da uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta.

Akwai wani darasi da ya fi wannan shafar ma'aikatanmu. A gidajen reno da Anna Freud da Dorothy Burlingham suka buɗe a Landan lokacin yaƙin, da farko kowace mai reno tana kula da kowane yaro, kamar yadda ake yi a asibiti. Daga baya suka karkasa yaran huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowane kashi da uwarsa guda. Me ya faru? Gidan da yake shiru sai ya kaure da kuka da kishi, kowa yana riƙe da zanen uwarsa, in ta fita a yi ta kururuwa. Bayan 'yan makonni abin ya lafa, bakin yaran ya buɗe, suka shiga koyon abubuwa da sauri. Ashe shirun nan na farko ba lafiya ba ne. Jami'in da ya shiga gidan marayu ya tarar da jarirai tsit, ya rubuta a rahoto cewa kome lafiya lau, to lalle ya sake dubawa, domin jariri yakan daina kuka in ya gane ba mai zuwa.

Ƙasar Romaniya ta tabbatar da haka ta hanya mai ɗaci. Da gwamnatin Ceausescu ta faɗi a 1989, aka tarar da yara fiye da dubu 100 a gidajen gwamnati. A wani bincike da aka fara a Bukares wajen shekarar 2000 a kan yara 136, an mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo da aka horar, aka kuma riƙa ziyartarsu. Waɗannan sun fi waɗanda aka bari kaifin hankali da iya cuɗanya da mutane, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu.

Wani zai ce ai mu muna da riƙo tun kaka da kakanni, gwaggo ko kawu ko kaka su ɗauki maraya, ba mu bukatar Bature ya koya mana. Gaskiya ne, kuma binciken nan ma al'adarmu ya gaskata. Amma kada mu ruɗi kanmu. Riƙon da muka gada an gina shi ne domin yaron da zazzaɓi ko haihuwa ta ɗauke uwarsa, dangi kuma suna nan daram. Yau ga yaro ya kwana uku a daji, ƙauyensu ya zama toka, an kawo shi gidan gwaggon da ita ma gudun hijira take yi. Yana fitsarin kwance yana da shekara goma, yana ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma, in babur ya yi ƙara sai ya zabura. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi duka, ta ce taurin kai ne, maƙwabta su ce iska ce. Ƙarshenta a ɗora masa talla ko a tura shi wani gari, a ƙara karya amanar da aka zo gyarawa.

A nan ne aikin masanin halayyar ɗan Adam yake, kuma rabinsa ba da yaron ake yi ba, da mai riƙon ne. Shi zai zauna da gwaggo ya fahimtar da ita cewa ɓoyon tuwo tsoron yunwar jiya ne, ba sata ba, kuma yaron da yake tsokanarta gwada ta yake yi ya ga ko ita ma za ta kore shi. Da yaron kuwa, ta wasa da zane akan bi, domin abin da baki ya kasa faɗa hannu yakan zana. Dakta Fatima Akilu ta nuna ana iya yin wannan a ƙasarmu: gidauniyarta ta Neem, wadda ta kafa a 2016, ta riƙa aika masu ba da shawara cikin unguwanni da sansanonin Borno maimakon jiran mutane su zo asibiti.

Saura ku, 'yan'uwa ɗalibai da waɗanda suka riga mu kama aiki. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta goyon yaro. Muna kira ga masu karatun ilmin halayyar ɗan Adam da na jin daɗin jama'a su daina ɗaukar fanninsu kamar abin da aka faɗa ciki don an rasa gurbin likitanci ko lauya, su kuma koyi yin aikin da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Wanda kuwa Allah ya sa fayil ɗin ma'aikatan gidan marayu ya biyo ta teburinsa, kafin ya sa hannu a takardar canjin wurin aikin wata mai reno, ya tambaya yara nawa ne suke kiranta Inna, kuma wa zai karɓe su in ta tafi.