Baƙuwar da ta ciyar da ɗiyanmu, da tambayar da ta bar mana

Jama'ar Sae Sabuwa, na gida da waɗanda ke wajen bida.

Yau maganar wata mace nike so mu yi, wadda ba ƴar garinmu ba ce, ba ƴar ƙasarmu ba, kuma ba addininmu guda da ita ba. Na san tun daga nan wasu sun fara ɗaure fuska. Ku yi haƙuri ku ji ni har ƙarshe, in ya so kowa ya yanke nashi hukunci.

Sunanta Marie Catherine Kingbo, sista ce ta cocin Katolika, irin matan nan da ke barin aure da dukiya su ba da rayuwarsu ga ibada da hidimar mutane. Daga Senegal ta taso. Can ta yi shekaru tana shugabancin wata babbar ƙungiyar sistoci, ta je Paris ta ƙaro karatu. Mace mai irin wannan matsayi, da ta so hutu da ta samu. Amma a 2006, shekara guda bayan yunwar 2005 da ta tara uwaye da jarirai a cibiyoyin tamowa na jahar Maraɗi, sai ga ta nan. Da yardar Ambroise Ouédraogo, shugaban Katolika na Maraɗi a lokacin, ta kafa ƙungiyar da ake kira Fraternité des Servantes du Christ. Ta rasu a 2021.

Mi ta yi cikin shekarun nan goma sha biyar? Wurin kula da yara masu tamowa, inda ake auna yaro, a ba uwarshi abin da za ta dama mashi. Bashi ƙarami ga mata don su kama sana'a. Lakwal a Tibiri, da wurin kwana na ƴan mata. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki: ta riƙa tara limamai da masu gari ana zama kan auren wuri da karatun ɗiya mace. Ku duba fa, mace, Kirista, baƙuwa, a ƙasar Gobir, tana zama da malammai kan maganar da mu kanmu muke kauce mata a majalisa.

Kuma maganar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman da UNICEF ke bayarwa sun nuna cikin ƴan mata ɗari a Nijar, 76 ana yi masu aure kafin su cika shekara 18, jahar Maraɗi ma ta zarce haka. Wanda ke ganin zancen Turawa ne kawai, ya je Ɗanja, kudu da Maraɗi, inda aka buɗe likitar yoyon fitsari a 2012, ya ga yarinyar da naƙuda ta yi wa kwana biyu ko uku a ɗaka, ɗan ya mutu, ita kuma miji ya guje ta saboda wari. Ɗiyar wani ce. Gobe tana iya zama ta gidanka.

To, bari in faɗi abin da ke cikin zukatan mutane da yawa, tun da ni ma Musulmi ne kuma na sha jin shi: "Ai ba don Allah suke yi ba, so suke su juya mana yara." Wannan tsoro ba na raina shi. Matar nan ba ta ɓoye addininta ba, sunan ƙungiyarta ma ya faɗa. Kuma haƙƙin kowane uba ne ya san abin da ake koya wa ɗanshi, ya shiga ya gani da idonshi, ya yi tambaya. Amma mu yi adalci. Ƴan mishan na SIM sun zauna Tibiri kusan shekara ɗari ke nan, sun buɗe likitar Galmi a 1950, sun daɗe suna jinyar kutare a Ɗanja. Duk da haka ƙidayar 2012 ta nuna kashi 99 cikin ɗari na ƴan Nijar Musulmi ne. Uwar da ta goyo ɗanta ta kai shi awo, kunu ta je nema, kuma da sallarta ta komo gida.

In ma har tsoron nan gaskiya ne, mine ne maganinshi? Zagi? Ƙona coci, kamar yadda aka yi a Damagaram da Yamai a Janairun 2015? Wutar nan ba ta ciyar da yaro ko guda ba. Wanda ba ya so maƙwabci ya ciyar mashi da ɗa, sai ya ɗora tukunya a gidanshi.

Nan ne maganata take. Mu ba marowata ba ne, wallahi. Alhazan Maraɗi sun yi suna har Kano da Kwatano. Ranar Juma'a ana rabon kuɗi a ƙofar masallaci, da azumi ana rabon hatsi da sukari, bayan girbi ana fid da zakka dami-dami. In aka tara abin da ke fita hannun Musulmin jahar nan a shekara, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina yake zuwa? Dala ashirin nan, tiya guda can, a ci yau, gobe a koma bara. Ranar da mai bayarwa ya kwanta dama, alherin ya bi shi kushewa, magada su raba sauran.

Abin da baƙuwar nan ta fi mu shi ne tsari. Ta tara mata, ta horar da su, kowace da aikinta, akwai wurin da za a same su kullum, akwai lissafi. Shi ya sa da ta rasu ƙofar ba ta rufe ba, ƴan uwanta sistoci suka ci gaba. Kuma da ta zo, ba ta hau kan mutane da faɗa ba. Ta gane cewa a ƙauye magana ba ta wucewa sai ta bi ta wurin liman da mai gari, sai ta bi ta nan. Mu da muka yi boko, sau nawa muka zauna da malamman garinmu da ladabi kan maganar ɗiyanmu mata? Yawanci sai dai mu yi ta gunaguni daga Yamai.

Kar wani ya ce tsari abin Nasara ne. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta kafa Ƴan Taru, ta naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, kuma abin ya rayu bayanta. Wakafi da sadaka mai gudana cikin littattafanmu suke, malammai suna karantar da su. Mun san karatun, aikin ne muka bari.

Akwai wani abin kunya da ya kamata mu tuna. A watan Maris na 2022, jirgi gwamnati ta aika Dakar aka kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara a titi, yawancinsu mata da yara, Hausawa ƴan uwanmu. Daga ƙasar da wannan mata ta baro ta zo ta yi mana hidima, daga can aka kwaso namu suna miƙa hannu. Yunwar ƙauye ba ta tsayawa ƙauye. In rumbu ya ƙare tun kafin shuka, birni ake dosa, tasha da bakin kasuwa da ƙofar masallaci, daga nan sai abin da hali ya yi.

Don haka ga shawarata, ba ta fi ƙarfinmu ba. Kowane gari cikin kwamin ɗin nan ya samu kwamitin zakka na mutum biyar ko bakwai, da liman a ciki, da mata aƙalla biyu, don su suka san gidan da ba a hura wuta ba. A ware wani kaso na hatsin zakka a rumbu guda, kar a taɓa sai damina ta yi tsakiya, lokacin da tamowa ke kama yara. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Ƴan garin da ke Maraɗi, Yamai, Legas da Libiya, kowa ya ɗauki alƙawarin jikka guda a wata, a riƙe ɗiya ko biyar ce a kolej har su gama. Mai gona da yawa ya yanke ɗaya ya yi wakafi da ita tun yana da rai.

Su kuma sistocin da ke tsakaninmu, baƙinmu ne kuma maƙwabtanmu, haƙƙin maƙwabtaka yana kanmu. Wanda ya yi maka alheri ka ce mashi an gode, ba ya rage maka imani da komi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya sa mu fara tun bana.