Filin Masu Mota: Idan Bayan Tsohuwar Land Rover Ya Zauna

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambilla a Jihar Taraba ya ga yadda tsofaffin motocin nan Land Rover suke fita daga Gembu da Nguroje da sassafe, an labta musu buhunan masara da jarkoki, mutane kuma sun ɗare bisa kayan. Galibinsu samfurin da ake kira Series ne, wanda aka daina ƙerawa a Ingila tun 1985, watau autarsu ma ta kai shekara 40 a duniya. In mutum ya tsaya daga gefe ya dube su da kyau, zai ga da yawa daga cikinsu sun ɗaga hanci sama, baya kuwa ya zauna, kamar jakin da kaya suka zame masa zuwa ƙugu. Waɗansu ko an sauke lodin ba su miƙewa.

Masu motocin sukan ce ai tsufa ne, tun da tana tafiya ba kome. To, akwai kome. Motar da bayanta ya zauna fitilunta na gaba sama suke haskawa, su bar rami a duhu su kashe idon direban da ke tahowa. In kuma aka tura lodi can ƙarshen baya, tayoyin gaba sukan rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, wannan kuwa ba abin da direba zai so ba ne sa'ad da yake gangarowa Mayo Selbe da mutane cike da mota. Bayan haka, ɗan filin da ke tsakanin aksul da shasi ya ƙare, saboda haka kowane rami aka faɗa sai ƙarfe ya doki ƙarfe.

Abin da aka fi yi da farko shi ne a garzaya a sayo sababbin shokazoba, a ɗaura, a sauke mota daga jak, sai a tarar tana nan zaune yadda take. Dalili kuwa shi ne, shokazoba ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa kawai ya hana mota yin ta tsalle bayan ta taka rami. Mai ɗaukar nauyi shi ne sifirin, watau fallayen ƙarfen nan da aka jera wani bisa wani, aka tanƙwara su kamar baka. A tanƙwarar nan tsayin mota yake. Shekara da shekaru ana lodi ana bin gargada, ƙarfe ya gaji, baka ta miƙe, wani lokaci ma har ta juya ta koma ɗaya gefen. Wanda ya canza shokazoba don wannan ciwo ya bar jaki yana dukan taiki.

Kafin a kashe ko kwabo, kamata ya yi a san abin da ya lalace. A sauke kaya duka, a tsayar da mota a wuri mai daidai, a tabbata iskar tayoyi ɗaya ce, sa'an nan a auna daga tsakiyar kowace ƙafar baya zuwa bakin bodin da ke samanta. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zama sosai, sau da yawa falle ne ya karye a can. A wanke laka a duba fallayen ɗai-ɗai, musamman kusa da tsakiya inda kusar da ta haɗe su take, da kuma ƙarshen babban falle inda aka naɗe shi ya zama ido. Tsaga takan ɓuya ƙarƙashin tsatsa. Haka nan a duba robobin da ke cikin idon, domin in sun cinye, mota takan yi ƙara tana kuma karkata.

Amma akwai wurin da ake yawan mantawa, shi ne kuwa ya fi hatsari. Shasin Land Rover ƙarfe ne mai rami a ciki kamar akwati, laka da ruwa suna shiga su kwanta, tsatsa ta ci shi daga ciki, alhali bodin, da yake na alminiyam ne, yana nan fes yana ruɗin mai kallo. Sau da yawa sifirin lafiyarsa ƙalau, kunnen da ya riƙe shi ne ya ruɓe ya lotsa cikin shasi. Makanike mai hankali yakan ɗauki guduma ya bi wurin yana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da rai zai yi amo, inda ya mutu kuwa sai a ji shi dum, ko ma gudumar ta fasa. Sabon sifirin a kan ruɓaɓɓen shasi asarar kuɗi ce, sai an fara yanke wurin an yi masa walda mai kyau.

In an tabbata sifirin ne ya gaji, nan ne dabaru suke yawa, kuma mafi muninsu ita ce wuta. Wani yakan kunna wutar gas ya gasa falle har ya yi ja, ya tanƙwara shi, mota ta tashi tsaye, mai ita ya biya yana murna. Abin da bai sani ba shi ne, ƙarfen sifirin yana da horo na musamman da aka yi masa a masana'anta, an zafafa shi, an tsoma, an sāke ɗumama shi gwargwadon awo, shi ya sa yake lanƙwasa ya komo. Da zarar an gasa shi ya yi ja a bakin hanya, horon ya tafi. In aka bar shi ya huce a hankali sai ya yi laushi, ya sāke zama cikin 'yan makonni. In kuwa aka watsa masa ruwa sai ya yi gautsi, ya jira ranar da mota ke cike ya karye. Babban falle kuwa shi ne yake riƙe da aksul a mazauninsa. In ya karye ana cikin tafiya, ƙafar baya tana iya gocewa, mota ta juya inda direba bai nufa ba.

Maƙeran da suke warware sifirin su bi kowane falle da guduma bisa uwar maƙera, ba tare da wuta ba, sun fi waɗancan gaskiya nesa ba kusa ba. Aikinsu yana ɗaga mota, yana kuma iya kai mutum ƙarshen damina. Sai dai ƙarfen da ya riga ya gaji ba ya komawa yaro, a ɗauke shi a matsayin rance.

Sai kuma ƙarin falle, wanda ya zama kamar al'ada a wurin masu motocin haya. Falle ɗaya da aka yanka daidai, mai faɗi irin na sauran, aka sa shi ƙarƙashin manyan, ba laifi ba ne. Amma akan ga wanda ya jibga huɗu ko biyar, har da na babbar mota, sifirin ya zama gungume ba ya motsi ko kaɗan. To, dukan da hanya take yi bai ɓace ba, wuri kawai ya sake: yanzu shasi ne yake shan sa, da ƙashin bayan fasinja. Kuma ƙarin falle ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa aksul kauri. Shi kansa kamfanin, da ya so ya fito da doguwar Land Rover mai ɗaukar tan guda a 1968, bai tsaya ga sifirin kaɗai ba, sai da ya sa mata aksul mai ƙarfi da manyan tayoyi, ya kuma sauya mata giya. Haka nan masu tsawaita ƙarafan lilon da ke riƙe da wutsiyar sifirin: bodi ya ɗaga, ido ya gamsu, amma sifirin yana nan a gajiye, bakin aksul kuma ya karkata, farfela ta shiga cin kanta.

Gyara na ainihi shi ne a sa sababbi, kuma biyu tare, ko da ɗaya ne ya nuna gajiya. Mai saye ya faɗi irin motarsa, gajeriya ce mai inci 88 tsakanin ƙafar gaba da ta baya ko doguwa mai inci 109, domin sifirinsu ba ɗaya ba ne. Ya kuma sani cewa na asali ba tagwaye ba ne: na gefen direba ya ɗan fi tanƙwara, in aka musanya su mota za ta riƙa tafiya a karkace. Duk wannan magana ta masu fallaye ce. Daga 1983, da aka fito da samfurin One Ten, Land Rover ta koma sifirin mai murɗi, wanda gyaransa dabam ne.

Wajen ɗaurawa, kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai. A tokare shasi da abin da ba ya gocewa, a danne tayoyin gaba. Kusoshin nan masu siffar U da suke ɗaure sifirin da aksul a sa sababbi, domin tsofaffin sun riga sun miƙe, ba za su ƙara kamawa yadda ya kamata ba. Sa'an nan ga abin da yake kashe robobi da yawa tun ba su yi wata ba: makanike ya ɗaure notocin idon sifirin tam mota tana rataye. Da an sauke ta sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe har ta yage. Daidai shi ne a bar su sako-sako, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, a girgiza ta ta zauna, kana a ɗaure.

Bayan tafiyar farko da kaya, a komo a sāke bin notocin kusoshin U da sifana, domin sababbin fallaye sukan kwanta su bar ɗan sarari. A ranar ce kuma za a tsayar da motar gaban bango da dare a gyara saitin fitilu, tun da hancinta ya sauko.